Bashin Murya

Shekara shida jitar Baba tana rataye a ƙusa,
bayan ƙofa, gefen kalandar da aka daina canzawa.
In ya taɓa ta sai ta yi raɗa
kamar mai gaida surukai.
Jitar lantarki ba ta da ƙoƙo irin na gurmi,
muryarta aro ce,
akwatin da ke ba ta aron kuwa
an ɗora shi a baro wata Laraba,
ya koma kuɗin rajistata a Poli.

Ban sani ba sai bara.
Bakin Inna Saraya ne ya suɓuce
tana tsintar shinkafa.

Na shiga kasuwar Wunti da zane a bayan takardar jarrabawa.
Jauro mai rediyo ya dube ni ta saman tabarau:
"Aikin makaranta ne?"
Na ce bashi ne.
Ya zazzage kwanonsa a kan benci,
ya tsamo wani baƙin ƙwaro mai ƙafa takwas
da bai kai ƙwayar wake biyu ba.
Na taɓe baki.
Ya ce, "Gajere ba yaro ba ne, 'yata."
Ya ciro lasifika daga cikin wata matacciyar rediyo,
kafasita uku, rasista biyu,
ya ƙara mini dalma gyara.

A Gwallameji wuta baƙuwa ce,
don haka a kan risho nake gasa ƙarfen liƙi
bayan an sauke taliya.
Dalma ta narke, ta yi ƙwalla, ta daskare.
Babban yatsana har yau yana ɗauke da shaida.

Daren farko na juya kan batir.
Hayaƙi siriri ya miƙe, ɗaki ya ɗau ƙauri,
ƙwaron ya mutu bai ce uffan ba.
Jauro bai yi dariya ba. Ya dai karɓi kuɗi.

Dare na biyu abin ya yi magana,
amma ba da bakina ba:
gidan rediyo ya kamo,
yana sanar da ɓatan saniya a Darazo.
Abokiyar ɗakina ta yi dariya har ta ƙware.
Kwana huɗu ina bin waya ɗaya bayan ɗaya
kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa,
kafin na gane wayar ƙasa ce ban ɗaure ba.

Gwangwanin madara na huda da ƙusa
na zaunar da komai a ciki.
Murfin man goge baki ya zama abin murɗawa.

Ranar Asabar na sauka a Dass.
Duwatsu na nan inda na bar su,
Baba na gindin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya.
Ya juya gwangwanin, ya girgiza:
"Kyauta, madarar ta ƙare ne?"

Na ɗauko jitar. Na soka waya.

Ya daɗe yana goge tafinsa a wando.
Yatsun sun yi kanta, sun saba da ƙasa.
Ya ja tsirkiyar farko,
gwangwanin ya yi kakin tsoho da asuba,
sannan ya saki murya.
Ba babba ba. Da ƙyar ta tsallake danga.
Tana da dusashewa, tana da tsatsa,
amma akuya ta ɗaga kai,
taɓarya ta tsaya a hannun Inna,
ni kuma na sami abin dubawa a ƙasa.

Ya kaɗa har inuwa ta bar mu,
har batir ya soma shaƙewa,
sautin na tsinkewa kamar zaren tsohon zane.

Bai ce ya gode ba, ba halinsa ba ne.
Ya laluba aljihu, ya kira Bitrus:
"Ruga shago ka sayo irin wannan, guda biyu."
Ya auna gwangwanin a tafin hannu,
ya dube ni ta gefe.

"Ki sa mata igiya.
Gobe da ita zan je gona."